Makullin Ɗakin Labu

Kowace safiya, da zarar rana ta leƙo ta saman katangar gabas, Mahfuzu mai kilishi yakan zari yanka ɗaya daga cikin naman da za a shanya, ya ɗaga shi sama da hannu biyu kamar mai duba mayafi a kasuwa. Idan haske ya ratso tsokar, jawur, har yana ganin inuwar yatsunsa ta baya, sai ya mayar da shi kan asabari. Idan bai ratso ba, sai ya nemi wanda ya yanka, ya tambaye shi cikin ladabi ko tafin takalmi aka aiko nema daga Duwala. Daga nan ya wuce ɗakin labu, ya ciro makulli daga aljihun 'yar shararsa, ya buɗe, ya zauna a kan kujerarsa ta bakin ƙofa. A nan yake wuni.

Labu shi ne ƙullin gyaɗa da kayan yaji da ake tsoma naman a ciki bayan ya sha rana, kuma kowane gidan kilishi a Garuwa yana da nasa haɗin da ba ya faɗa wa maƙwabci. Ɗakin ƙarami ne, taga ɗaya, bangonsa ya yi duhu da man gyaɗa. Wanda ya shiga ya fito, citta da kanumfari da masoro za su raka shi har masallaci, mutanen sahu su gane daga inda yake. Mahfuzu ya daɗe yana zama a nan har ƙanshin ya zama nasa. Jikokinsa sun ce ko hularsa aka jiƙa za a iya kaɗa miya.

Na san shi tun muna samari, zamanin da jiragen ruwa ke hawo Binuwai da damina su yi lodin auduga da gyaɗa, mu kuma muna tsaye a gaɓa muna bin hayaƙinsu da ido har ya ɓace. A unguwar Hausare aka haife shi. Kakansa ya biyo shanu daga ƙasar Kano, ya ga ruwa da ciyawa ya ƙi komawa. Ubansa ya kafa teburin nama a kasuwa, shi kuma ya gaji teburin da wuƙaƙe da taurin kai. Da Fulatanci yake ciniki, da Hausa yake faɗa, Faransanci kuwa ya ajiye shi sai ranar da masu haraji suka zo, ranar ma rabi yake ji. Bai taɓa zama Sarkin Fawa ba, bai kuma nema ba. Ya je Makka sau ɗaya, ya dawo da likkafaninsa a ƙasan akwati, ya hana kowa kiransa Alhaji, wai sunan yana sa mai saye ya ji tsoron tayawa.

Gidan kilishin da ke unguwar Yelwa ba shi ya gina shi ba, kuma shi ne farkon mai faɗin haka. Ɗansa na fari, Kamilu, shi ya lura cewa duk matafiyin da zai gangara kudu sai ya nemi kilishin Garuwa ya kai tsaraba. Shi ya nemo filin tun wurin ba komai sai ciyawa da kwaɗi, ya ja katanga, ya jera asabarai, ya saba da direbobin da ke zuwa Ngaundere da Yawunde. Matarsa Mardiya, 'yar garin Collire, ita ta gyara haɗin labun har ya bambanta da na kowa. Amma a cikin mahautan Hausare, ɗan da ubansa ke raye ba ya ɗora sunansa a kan komai. Kunya ce. Da sunan Mahfuzu aka sayi filin, da sunansa ake cinikin shanu, makulli kuma a aljihunsa yake kwana. Kamilu bai ga laifin haka ba. Shi ne babba, uban ya tsufa, kowa ya san inda abin zai koma.

Sai Allah ya yi ikonsa. Wata Alhamis, Kamilu yana dawowa daga kasuwar shanu ta Adumri a kan moto, wato babur, wata babbar mota ta kauce wa rami ta same shi. Kafin la'asar an kawo shi, kafin magariba an kai shi. Ya bar Mardiya da 'ya'ya mata biyu: Hidaya, wadda ke ajin ƙarshe a makarantar lise, wato sakandare, da ƙanwarta Khaula, wadda ko haƙoran gaba ba ta gama mayarwa ba.

Da aka zo rabon gadonsa, sai aka ga mutumin da ya ciyar da gida guda bai mallaki komai ba sai rigunansa, da 'yan awaki, da moton da ya lanƙwashe. Modibbo, malamin unguwa, wanda shi ya raɗa wa Kamilu suna, ya zauna ya fitar wa kowa rabonsa, har ya juyo ya ce wa Mahfuzu ga nasa, tunda uba yana gadon ɗansa. Ina wurin. Tsohon ya daɗe yana kallon rigunan da aka turo gabansa. Shi da ya yi shekara da shekaru yana jin cewa wa yaron yake ajiya, yau ga shi ana miƙo masa abin da yaron ya bari. Ya tura su gaban jikokinsa da bayan hannu, ya tashi.

Abin da ya rage kowa ya san shi, ba wanda ya furta. Wanda ya riga ubansa mutuwa ba shi da rabo a dukiyar uban, 'ya'yansa kuma ba sa tsayawa a gurbinsa muddin akwai wani ɗa namiji a raye. Akwai kuwa: Dawuda, ƙanen Kamilu, dillalin shanu. Ranar da Mahfuzu ya rufe ido, gidan kilishi zai shiga rabo tsakanin Dawuda da 'yan'uwansa mata da mahaifiyarsu Dela. Hidaya da Khaula ko asabari ɗaya ba zai zo hannunsu ba.

Dawuda ba mugu ba ne, kada a ɗauke shi haka. Yana da 'ya'ya cike da tsakar gida, kuma bai taɓa fasa kai wa marayun ɗan'uwansa kayan salla ba. Amma ba ya son kilishi, ya ce sana'ar korar ƙuda ce. Tun da kwalta ta biyo ta gaban filin, wani ɗan kasuwa ke bibiyarsa yana so ya gina shaguna a wurin. In aka taɓo maganar, Dawuda yakan ce ba shi ya yi rabon ba, Allah ne ya yi, yaran kuma zai riƙe su gwargwadon ƙarfinsa. Mardiya ta san ma'anar gwargwadon ƙarfi. Ta san hanyar Collire, ta san ɗakin da za a ba ta a gidan wanta, ta san Hidaya za ta koma mai jiran a saya mata sabulu.

Mahfuzu ya yi tunaninsa shi kaɗai, kamar yadda ya saba. Ranar Babbar Salla, bayan an ci an sha, iyali duk suna zaune a tsakar gidan Hausare, ya yi gyaran murya. Duk tsawon rayuwar ɗansa na fari bai taɓa kama sunansa ba, sai dai ya ce yaron nan, ko wancan. Ranar ya kama.

"Ku ji da kunnuwanku. Gidan kilishi na Yelwa, da filinsa da kayansa, na ba 'ya'yan Kamilu. Kyauta ce, ba aro ba."

Dela ta ja gefen mayafi ta rufe fuska. Mardiya ta durƙusa daga nesa ta yi godiya. Dawuda ya ce Allah ya saka da alheri, ya ci gaba da sakace. Washegari da sassafe Mahfuzu ya tafi Yelwa, ya ɗaga nama ya duba, ya ciro makulli, ya buɗe ɗakin labu, ya zauna. Haka jibi, haka gata. A ganinsa magana ta ƙare, tunda ya faɗa a gaban mutane, shi kuwa bai taɓa faɗa ya janye ba. Zaman da yake yi taimako ne. Wa zai bar mace da 'yan mata a hannun ma'aikata da dillalai?

Gaskiya ita ce aikin ya daɗe da komawa hannun matan. Mardiya ke haɗa labu. Hidaya, da ta gama makaranta, ta karɓi wayar ubanta da duk mutanen da ke cikinta. Ita ke magana da Yawunde da Faransanci, ta juya ta yi wa mai kawo gyaɗa tsiya da Fulatanci, ta aika kwalaye tasha. Tsakaninta da tsohon wasa ne irin na jika, ba sa gajiya. Ita tana kiransa tsohon mijinta da ya ƙi ciyar da ita ya kuma ƙi sallamarta, shi yana ce mata amaryar da ba ta iya komai ba sai latsa waya. Amma in labu ya ƙare sai ta tsaya a gabansa ya buɗe mata, in za a sayi sa sai ya ce a saya. Ba wanda ya ga abin damuwa a ciki. Dawuda kaɗai yakan biyo jefi-jefi, ya gaishe da uban a bakin ƙofar ɗakin, idonsa ya ɗan tsaya a kan aljihun 'yar shara, ya wuce.

Da damina ta zagayo, zazzaɓi ya kama Mahfuzu, ya sauka a ƙirjinsa. Aka kai shi asibiti, aka dawo da shi da ledar magani, ya sa Dela ta ajiye ledar can saman sif. Ya ce ya gaji, ya ga abin da zai gani, ɗansa ya riga shi, ba shi da sauran aiki. Ya sa aka ciro likkafanin daga akwati aka shanya ya sha iska. Abinci sai ya taɓa ya ture. Mu masu zuwa dubiya muna fitowa muna girgiza kai, don ya fara irin hasken nan da tsofaffi ke yi idan suna sallama da duniya.

Wata la'asar Modibbo ya zo. Bayan addu'a, Mahfuzu ya ce masa hankalinsa a kwance yake, bai bar baya da rikici ba, marayu ya riga ya ba su gidan kilishi tun Sallar bara. Modibbo ya yi murna, ya sa albarka. Sai ya tambaya, kamar mai neman hira, wa ke riƙe da wurin yanzu. Mahfuzu ya ce yaran mana. Modibbo ya tambayi makulli. Mahfuzu ya cusa hannu ƙarƙashin matashi ya ciro ya nuna masa, har da ɗan alfahari. Ya ce tun da ya kwanta, kullum da safe Hidaya ke zuwa ta karɓa, da yamma ta dawo masa da shi.

Modibbo ya dubi makullin, ya gyara zama.

"Malam Mahfuzu, tun ranar da ka faɗa, ka taɓa tashi daga ɗakin nan ka bar musu?"

"In tafi ina? Ai nasu ne, tsare musu nake yi."

"To ba ka ba su komai ba tukuna. Kyauta ba ta cika da baki kaɗai. Sai mai bayarwa ya cire hannunsa, wanda aka ba ya sa nasa, mutane su gani. In ka rasu yau da makullin nan a ƙarƙashin kanka, wurin na magada ne."

Mahfuzu ya ce to a kira Hidaya yanzu-yanzu ta karɓa. Modibbo ya riƙe masa hannu. Ya bayyana masa a hankali cewa abin da mutum ya bayar yana kwance cikin ciwon da ya zama ajalinsa, hukuncin wasiyya ne ke hawa kansa, ba ya wuce kashi ɗaya cikin uku na dukiya sai in magada sun yarda. Gidan kilishi kuwa shi ne kusan duk abin da ya mallaka, don gidan Hausare nasu ne shi da 'yan'uwansa. Ba a shanya nama a kashi ɗaya cikin uku na fili. Sayarwa za a yi, a ba yaran abin da ya samu.

"To mece ce dabara, Modibbo?"

"Ka warke."

Modibbo ya ce sai ya warke sarai, warkewar da ba mai musunta, ya fita da ƙafarsa jama'a su gan shi. Sa'annan ya kwashe kayansa daga ɗakin a gaban shaidu, ya ba da makulli, kada kuma ya koma ya zauna a wurin sai shekara ta zagayo. In ya koma kafin nan, an koma gidan jiya.

Dela ce ta ba ni labarin abin da ya biyo baya. Ta ce bayan fitar Modibbo tsohon ya daɗe yana kallon rufin ɗaki. Can sai ya tambaye ta, cikin wata murya da ta manta yana da ita, wa ya ce a shanya masa likkafani kamar wanki, a naɗe a mayar akwati. Ya ce a sauko da ledar nan. Ya kuma tambaya ko a gidan nan an daina dafa romon ƙashi ne.

Ban taɓa ganin mutumin da ya yi jinya da fushi irin wannan ba. Yana haɗiye ƙwaya kamar mai rama mari. Ya koma asibiti a bayan moto, aka yi masa allurai, ya yi wa ma'aikaciyar jinya gardama da Faransancin da ya ce ba ya ji. Ya fara da zagaya tsakar gida yana dafa bango, kaji suna watsewa, daga baya ƙofar gida, daga baya bakin titi. Ciwon ya ja da baya, ya dawo, ya sake ja. Akwai ranar da tari ya durƙusar da shi har Dela ta aika a kira Dawuda. Da ya farfaɗo ya ga mutane a kansa, ya ce kowa ya koma aikinsa, shi bai shirya ba.

Tsohon abokin cinikinsa Antoine, mutumin kudu da ya zo Garuwa aikin auduga har ya yi ritaya zafi bai kore shi ba, ya zo dubiya ya ji labari. Ya ce abu mai sauƙi, a kira notar, mai rubuta takardun mallaka, ya zo har bakin shimfiɗa ya rubuta, ya buga hatimin hukuma, shi ke nan. Mahfuzu ya ce takarda za ta zo daga baya, ba ƙin ta yake yi ba. Amma in ya fara da ita, Dawuda zai ce an bi ta bayan shari'a an cuce shi, yaran kuma su ci abincinsu ana nuna su da baki har su tsufa. So yake ya ba su abin da ba mai iya ce masa haram, ko a kotu ko a zaure. Antoine ya ce shi dai bai taɓa jin dokar da ke tilasta wa mutum ya rayu ba, amma ta burge shi.

Dawuda ya ji, don ba a ɓoye masa ba. Ya zo ya durƙusa ya ce shi ba ya jayayya da Baba, amma mutane za su yi magana. Za a ce ciwo ne ya taɓa tunaninsa, za a ce matar ɗa ce ta juya shi. Ya ƙara da cewa irin wannan tari yakan lafa ya dawo, ba mai iya rantsuwa cewa ya rabu da shi. Wannan ta ƙarshe ita ce maganar, kuma gaskiya ce: in tsohon ya ba da makulli yau ya faɗi gobe, za a ce ciwon ajali ne tun farko. Mahfuzu bai yi faɗa ba. Ya tambayi Dawuda ko yana da dabba mai kyau a hannu. Dawuda ya ce akwai wani bijimi da ya kawo daga Banyo. Mahfuzu ya ce a kai masa shi mayanka ran Asabar, gidan kilishi zai saya.

Ruwa ya ɗauke, Binuwai ya fara janyewa yana barin farin yashi a gaɓa. Ran Juma'a Mahfuzu ya sa babbar riga, ya ƙi moto, ya ƙi sanda, ya taka daga Hausare har babban masallaci. A hanya bai bar kowa ya wuce shi ba. Masu shago, masu faci, matan da ke suyar ƙosai, duk ya tsaya ya gaishe su da Fulatanci, jam na, ya amsa tasu gaisuwar da ƙarfi, ya tsokani wannan, ya tuna wa wancan sunan kakansa. Tafiyar da ba ta kai shayi ya huce ba ta cinye masa hantsi guda, kuma ba gajiya ba ce. Shaidu yake tarawa, su ba su sani ba.

Washegari da sassafe ya bayyana a mayanka, inda rabonsa da zuwa an yi shekaru. Mahauta suka yo ca a kansa, Sarkin Fawa ya taso ya tarye shi. Aka kayar da bijimin Dawuda, aka yanka. Sai tsohon ya tuɓe babbar riga, ya karɓi wuƙa, ya ce kowa ya matsa. Shi kaɗai ya feɗe shi, daga wuya har wutsiya. Hannun ya yi rawa da farko, na gani, kowa ya gani. Sai wuƙar ta tuna hanyarta. Fatar ta riƙa sauka salin-alin kamar dabbar ce ke tuɓewa da kanta, ba huji, ba tsokar da ta bi ta. Gumi ya jiƙa shi sharkaf. Tari ya taso, ya danne shi ya ci gaba. Da ya gama ya cire cinya, ya saɓa a kafaɗa, ya taka da ita har bakin amalanke ya dire. Samarin mahauta suka hau buga bayan wuƙaƙe a kan tebura, yadda suke yi wa gwani, har tsuntsayen da ke jira a kan katanga suka tashi.

Sarkin Fawa ya ce da Fulatanci, yadda kowa zai ji, duk wanda ya ce wannan mutumin majinyaci ne, to ya zo ya ɗauki ɗaya cinyar. Dawuda yana tsaye da igiya a hannu. Ya dubi fatar da aka shimfiɗa, ya duƙa ya bi ta da tafin hannu irin na dillali, yana neman inda wuƙa ta zame. Bai samu ba. Ya ɗago da wata dariya da bai shirya mata ba.

"Baba, da ka ce mini da bijimina za ka ci jarrabawa, ai da ban yi maka ragi ba."

"Ka zo Yelwa gobe da hantsi. Ka taho da idonka."

Muka taru: Modibbo, da Sarkin Fawa, da Antoine cikin malafarsa, da ni, da Dawuda. Matan suna gefe ƙarƙashin rumfa. Modibbo ya ce sai shaidu sun ga ɗakin babu komai na tsohon a ciki. A nan aka ga yawan abin da mutum ke tarawa a inda ya daɗe. Buta, buzun salla, rediyon da ba ya kama ko'ina sai tashar gari, kwalaben man zafi, takalman da suka rabu da 'yan'uwansu, dutsen wasa wuƙa na ubansa. Ya hana kowa shiga. Yana ɗaukowa yana miƙo wa Dela ta ƙofa, ita kuma tana karɓa tana mita, wai ashe nan butarta ta shige tun bara. Turmi da tukwane da buhunan gyaɗa bai taɓa su ba, don ba nasa ba ne.

Mardiya ta matso ta durƙusa, ba ta ɗago kai ba, ta roƙi ko za a bar wa Baba kujerarsa ya riƙa zuwa yana shan iska, su ba za su iya ganin bakin ƙofar nan ba kowa ba. Modibbo ya ce gaisuwa a tsaye ba ta ɓata komai, zama da iko ne ba a so. Mahfuzu ya ce shi ya san kansa: in ya tsaya zai zauna, in ya zauna zai ba da umarni. Ƙafarsa ba za ta taka wurin ba sai baɗi war haka. A nan na gane abin da yake bayarwa. Fili da katanga Kamilu ne ya yi su, tsohon bai taɓa jin su a matsayin nasa ba. Nasa shi ne zaman, da ƙanshin, da mutanen da ke zuwa su tsuguna a bakin ƙofa suna jiran ya ce e ko a'a. Wannan ne ya kawo ya ajiye, yana raye, da ƙarfinsa.

Ya kira Hidaya ciki. Ya ce wa Mardiya ta shigo ta karɓa a madadin Khaula, tunda yarinya ce. Suka haɗa tafin hannu, ya sa makullin a ciki. Ya maimaita kyautar a fili, ya ƙara da cewa daga yau ya cire hannunsa. Modibbo ya tambayi Sarkin Fawa ko ya gani, ya ce ya gani. Ya tambaye ni, na amsa. Antoine ba a tambaye shi ba, amma ya ce shi ma ya gani, kuma ran Litinin shi zai raka su wurin notar. Sai Modibbo ya juya ga Dawuda.

Dawuda ya dubi tsakar filin, asabarai a jere cike da naman bijiminsa suna shan rana. Ya dubi bakin kwalta, inda shaguna za su tsaya. Sai ya juyo ga Modibbo.

"Na gani, Modibbo. Na 'ya'yan Yaya Kamilu ne. Ba ni da magana a kai, yau ko bayan ran Baba."

Dela ta rangaɗa guɗa, irin ta tsofaffi, ta tsinke mata a tsakiya, ta sake ɗaukowa ta kai ta ƙarshe. Ma'aikatan da ke yanka suka ajiye wuƙaƙe suna leƙowa. Hidaya ta damƙe makullin, hawaye na zuba, amma bakin bai mutu ba.

"To, tsoho, yau dai ka sallame ni ke nan. Ina za ka riƙa wuni?"

"Kasuwar shanu, wurin baffanki. Shekara guda zai yi yana jin ra'ayina a kan kowace dabba."

Dawuda ya yi salati ƙasa-ƙasa, Sarkin Fawa ya tuntsire da dariya har yana dafa Antoine.

Saura kujera. Dawuda ya leƙo ya miƙa hannu zai ɗauka, tsohon ya buge hannun. Ya sunkuya ya ɗauke ta da kansa, ya saɓa a kafaɗa, ƙafafunta suna kallon sama. Hidaya da uwarta suna tsaye a bakin ƙofa sun tare hanya ba su sani ba.

"Masu gida, a ba baƙo hanya."

Suka matsa. Ya ɗan rusuna don kada kujerar ta bugi dogarin ƙofa, ya fita.